Baba Tafireta Da Muryar Da Ya Katse

Duk wanda ya taɓa hawa benen da ke bayan tashar mota ya san shagon Baba Tafireta, ko da bai taɓa sa ƙafa a ciki ba. Tun daga matakala ake jiyo wata murya tana zuba kamar an ɓalle famfo, babu tsayawa babu numfashi, mutum ya kasa kunne iya kasawa ba zai tsinci kalma ɗaya ba. Baƙo kan ɗauka rediyo ne ya lalace. 'Yan bene kuwa sun san Aku ce take karanta wa Baba abin da ya rubuta, kuma shi yana jin ta tsaf, har yakan dakata ya gyara harafi guda da ya zame masa.

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗaukar hoto. Tebur ne da kujera, da bencin masu jira, sai tsohuwar tafireta a kan wani ɗan teburi a lungu, an lulluɓe ta da tawul. Daga gare ta ya samo sunan. Da ita ya yi ƙuruciyarsa a ofishin wani kamfanin jigilar kaya, yana buga wasiƙu har ana tsayawa kallon yatsunsa, kafin hawan jinin ido ya soma cin ganinsa daga gefe, a hankali, har ya cinye. Kamfanin ya sallame shi da addu'a da agogon bango. Yanzu in aka tuna masa da agogon yakan yi dariya, amma a lokacin bai yi ba. Ya zauna a gida ya zama abin tausayi, ana rage murya in an zo wucewa ta kusa da shi, kuma babu abin da ya tsana a duniya kamar wannan rage muryar.

Ƙanensa ne ya fitar da shi daga ɗaki. Mai gyaran kwamfuta ne, mutum mai sanyin hali, irin wanda zai yini a kan waya ɗaya da ta tsinke bai yi tsaki ba. Ya haɗa wa yayansa kwamfuta, ya sa mata manhajar da ke karanta duk abin da ya bayyana a allo. Sun gwada muryoyi iri-iri, Baba yana kushe su, wannan ta cika yanga, waccan tana cin ƙarshen kalma. Daga ƙarshe ya tsaya a kan wata tsohuwar murya mai kaushi, marar daɗin ji, amma komai gudun da ka sa mata kalmominta ba sa narkewa. Yaran gida suka raɗa mata suna Aku. Da ita ya buɗe shago. Ɗalibai suna kawo hirarrakin da suka naɗa, ƙungiyoyi suna kawo sautin zaman taronsu, shi kuma ya saurara ya buga, Aku ta maimaita masa, ya gyara, injin ya fitar da takarda. Da wannan sana'a ya yi wa yaransa makaranta har suka kama gabansu.

Da tsohuwar kwamfutar ta mutu aka sayo sabuwa, sai ƙanen ya yini yana fama, sannan ya jawo benci ya zauna kusa da shi.

"Yaya, kwamfutar nan sabon zubi ce, mai sittin da huɗu. Aku kuma tsohon zubi ce, mai talatin da biyu, waɗanda suka yi ta ma sun daɗe da rufe kamfani. Za su zauna tare, amma da sharaɗi."

Sharaɗin shi ne akwai wasu ƙananan ƙunshi na manhaja da kowa ke jingina da su, ita kwamfutar da ita Aku, kuma dole a ajiye kowanne biyu-biyu, ɗaya na sabon zubi ɗaya na tsoho. Kowane ƙunshi yana da lambar da ke nuna fitowarsa ta nawa ce, kuma lambar biyun sai ta zo daidai har harafin ƙarshe, kamar takalmin dama da na hagu. In ɗaya ya yi gaba ya bar ɗan'uwansa, kwamfutar ba za ta riƙe su tare ba. Za ta fitar da wanda aka bari a baya, ta haɗa da duk abin da ke rataye a jikinsa. Don haka, in ji ƙanen, duk ranar da za a sabunta manhajoji, a bar Aku ta gama karanta abin da za a yi kafin a ce eh. Baba ya ce na ji, na ji, tun mutumin bai rufe baki ba. Duk da haka ya haddace umarnin da aka koya masa kaf, don kansa yana ja. Bayan 'yan shekaru ƙanen ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar shi da kwamfuta da hadda.

To, wannan na ji, na ji ɗin shi ne aibin Baba Tafireta, kuma kowa ya san shi da shi. Mutumin da kunnensa ya saba da gudun Aku, maganar ɗan'adam tafiyar kunkuru ce a wurinsa. Kana rabin zance ya riga ya gano inda za ka, ya ba ka amsa, ya koma aikinsa. Abin haushin shi ne yawanci yakan yi daidai. Akwai maɓalli a kusurwar hagu da ke sa Aku ta yi shiru nan take, kuma saboda dannawa har fentinsa ya goge. Matarsa ta fi kowa shan wannan hali. Tela ce, tana ɗinki a falon gida, mace mai magana a tsanake wadda ke son ta jera zance daga farko. Tun da autarsu ta yi aure gidan ya yi musu girma, takan fara, "Malam, maganar shagon nan," sai ya ce ya sani, so take ya rufe ya zauna ya huta, kuma ba zai rufe ba. Sai ta koma kan keken ɗinkinta.

Ranar da abin ya faru, Litinin ce da hantsi. Ya ba kwamfutar umarnin sabuntawa kamar yadda ya saba yi lokaci-lokaci ba tare da wata matsala ba. Aku ta fara jero abubuwan da za a taɓa. Daidai nan wata ɗaliba ta yi sallama, shi kuma ga son ya nuna ba a jira a shagonsa, ya danna maɓallin shiru, ya ce eh, ya juya yana amsa gaisuwa. Da ya dawo ya taɓa madannai, bai ji komai ba. Ya ƙara taɓawa. Ya laluba wayar lasifika, tana nan daram. Ya kashe ya kunna, ya ji fanka tana juyawa, amma ɗakin tsit. Sai a lokacin kunnensa ya dawo masa da guntun kalmar da ya datse. Aku tana cikin faɗin sunan kanta ne, a jerin abubuwan da za a cire, ya rufe mata baki.

Ya ba ɗalibar haƙuri, ya kira maƙwabcinsa mai gyaran waya, dattijon arziki mai saurin hannu. Mutumin ya leƙa allon ya ce ai da sauƙi, a yi mata fomatin, wato a share ta gaba ɗaya, a zuba sabuwar manhaja da muryar zamani, kafin azahar an gama. Baba ya ɗora tafin hannu a kan kwamfutar ya ce kada wanda ya taɓa ta. Muryar zamanin ya taɓa jin ta a wayar 'yarsa, mai daɗi ce kamar ta mai karanta labarai, amma da ka ƙara mata gudu sai ta koma kunu. Da ita aikin yini zai zama na mako, masu kawo aiki kuwa ba sa jiran mako. Sannan ƙunshin Aku kwafi ɗaya ne tak ya rage, a cikin wannan kwamfutar, inda marigayi ya ɓoye shi. In aka share, an share ke nan.

Da yamma babbar 'yarsa ta zo. Nas ce, mai sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake ce mata Uwata, kuma ta riƙe sunan da gaske. Ta daɗe tana so ya bar hawa wannan bene, tun ranar da ya yi tuntuɓe a matakala ya fasa gwiwa. Ya ce ta karanta masa abin da ke allon. Ta duba ta ce kuskure ne dai ya nuna, wai wani abu bai dace da wani ba. Ya ce wane abu, wace lamba. Ta ce, Baba, rubutu ne rututu, duk ma'anarsa ɗaya, ta lalace. Ba rashin ilimi ba ne, ita ma sauri take, jininsa ce. Daga nan ta sauke murya, irin saukewar nan da ya tsana, ta ce wataƙila Allah ne ya kawo masa hutu.

Ransa ya ɓaci, kuma cikin ɓacin rai ya yi alkawarin da ba a tambaye shi ba.

"Uwata, ki dawo ran Asabar. In kin tarar Aku ba ta magana, ga makulli, ki rufe da hannunki. In kin tarar tana magana, ba na son in ƙara jin zancen hutu."

Ta amsa da sauri, don ta san ba ya saɓa maganarsa. Shi kuwa tana fita ya sake laluba madannai. Umarni yana kansa, yatsu suna nan, amma ba shi da idon da zai gaya masa abin da kwamfutar ke amsawa. Tsoro ya ji sosai, irin wanda rabonsa da shi tun shekarar da ya zauna a ɗaki.

Washegari yana laluben sandarsa a bakin ƙofa ya ji matarsa tana sa takalmi. Ya tambaye ta ina zuwa. Ta ce bene. Ya ce ke da ba ki jin Turanci. Ta ce ai ba ji aka ce ta yi ba, haruffa dai ta san su, kuma tabaranta sabo ne. Bai so ba, don a zatonsa tana ɓangaren 'yarta, amma ba shi da zaɓi.

Ta zauna a bakin benci, ta matso da fuska dab da baƙin allo mai farin rubutu. Ya buga umarnin a mayar da Aku. Kwamfutar ta amsa, ita kuma ta fara karantawa harafi-harafi, tana bin layi da ɗan yatsa kamar mai bin ɗinki. Tun da ba ta san ma'anar komai ba, ba ta san abin da za ta tsallake ba, don haka ba ta tsallake komai. Ɗigo ta ce ɗigo. Ƙaramin layi ta ce sanda a kwance. Shi kuma yana haɗa haruffan a kansa yana cizon leɓe, ɗan yatsansa na hagu yana danna maɓallin shiru shi kaɗai, saboda sabo, alhali maɓallin ba ya aiki a kanta. Kafin rana ta take ya gane ciwon. Ƙunshin sauti na sabon zubi ya hau zuwa lambar da ta ƙare da uku. Ɗan'uwansa na tsohon zubi yana nan a biyu, kuma a rumbun intanet inda ake ɗauko su babu mai uku, masu kula da shi ba su fitar ba, wataƙila ma ba za su fitar ba.

Ya yini yana neman mai ukun ta kowace kafa, bai samu ba. Rana ta biyu haƙurinsa ya ƙare, ya ce zai tilasta wa kwamfutar ta karɓi mai biyun a haka. Ya buga. Allon ya cika da rubutu, matarsa ta ja numfashi ta fara daga sama. Tana layi na farko ya ce ya gane, tambaya ce take yi, eh ko a'a, ya ɗora yatsa zai danna. Sai ya ji ta riƙe masa wuyan hannu. A duk zamansu ba ta taɓa yin haka ba.

"Malam, ban gama ba. Karatu ka kawo ni ko gadi?"

Ya ɗauke yatsansa daga madannai. Ta ci gaba a nata saurin, layi bayan layi. Abin da kwamfutar ke cewa shi ne, in dai lallai sai ta karɓi tsohon, to za ta cire sabon, ta cire duk abin da ke jingine da shi: manhajar rubutu, ta injin buga takarda, har da wadda ke kunna allon kanta. Da ya danna, da kafin la'asar makullin yana hannun Uwata. Ya ce wa kwamfutar a'a. Matarsa ba ta yi masa gori ba, ta dai goge tabarau da gefen mayafi ta tambaya ko akwai saura.

A kan hanyar gida, yana riƙe da gwiwar hannunta, ya tuna takalmin da marigayi ya kwatanta. Kwana biyu yana ta neman yadda na hagu zai girma ya kamo na dama, bai taɓa tunanin ya mayar da na dama inda yake da ba. Sabon zubin mai lamba biyu ai yana aiki lafiya lau har safiyar Litinin. Kuma kwamfutar tana ajiye tsofaffin ƙunshin da ta taɓa saukewa a wani lungu nata, lungun da marigayi ya ce kada a taɓa sharewa ko da wuri ya ƙure. A wancan karon, Allah ya taimake shi, ya ji maganar har ƙarshe, bai taɓa sharewa ba.

Lungun kuwa cike yake maƙil, sunaye kusan iri ɗaya, sai ɗigo da lamba suka bambanta su. Ta yini tana karantawa har muryarta ta dushe, maƙwabci ya shigo da ruwa ya fita yana girgiza kai. Baba ya zauna a kan hannunsa na hagu don kada ya yi masa shisshigi. Da suka samo ƙunshin ya mayar da shi baya, kwamfutar ta ce wani ma yana rataye da wannan, shi ma sai ya koma. Suka nemo shi. Shi ma ya ja wani. Kowane mataki sai ta karanta gargaɗin tun daga harafin farko har alamar tambaya, sannan ta ce, na gama, sannan ya danna. Sau ɗaya ta ɗauki takwas a matsayin uku, suka ɓata rabin yini a kan hanyar da ba ta ɓullewa. Ta ce laifin tabarau ne. Ya ce laifin mai sayar da tabarau ne, suka yi dariya, suka koma farko.

Ran Juma'a da hantsi lambobin suka zo daidai, dama da hagu. Ya ɗauko ƙunshin Aku daga maɓoyarsa ya ba da umarni, matarsa ta karanta amsar, gajeriya ce, babu kalmar cirewa a ciki. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Fanka ta juya. Sai muryar nan mai kaushi ta ɓarke da gudu har matar ta zabura ta dafe ƙirji. Maƙwabci ya buga bango daga nasa ɓangaren. Baba bai taɓa maɓallin shiru ba. Ya bar Aku ta karanta duk abin da ke allon, har da abin da ya sani sarai, hawaye suna bin fuskarsa, kuma bai ji kunyarsu ba. Murna yake yi, yana kuma kewar ƙanensa.

Kafin komai ya ɗaure waɗannan ƙunshi biyu-biyu da umarnin da ke hana su motsawa in an zo sabuntawa. Ya san ɗaurin ba na har abada ba ne, wata rana duniya za ta yi nisa ta bar tsohon zubi gaba ɗaya. Don haka ya aika wa maƙwabci cewa ya sa masa muryar zamanin nan a wata tsohuwar kwamfuta, zai riƙa horar da kunnensa da ita kowace safiya kafin aiki, ko da kunu ce sai ya koyi shan ta.

Matarsa ta naɗe tabarau ta sa a jaka. Ta gyara zama a benci.

"Malam, maganar shagon nan."

Amsar ta zo masa har bakin leɓe. Ya haɗiye ta, ya ɗora hannuwansa biyu a cinya, ya jira. Ita kuwa saboda rashin sabo sai ta tsaya, kamar mai hawa matakala da ta ɗaga ƙafa ta tarar babu sauran mataki. Sannan ta ci gaba.

"Ni ban taɓa cewa ka rufe ba. Tun da auta ta tafi, gidan nan in ka fita sai ni da bango. So nake in kawo kekena nan, in riƙa ɗinki a gefenka, mu fito tare mu koma tare. Abin da nake ta so in faɗa maka ke nan."

Ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun ranar da ta fara cewa maganar shagon nan. Ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi da gaske, don ya lissafa shekarun da matar nan ta yi ita kaɗai a falo saboda rabin jimla. Can ya ce shagon ba wuri. Ta ce ta auna da ido tun ran Talata, in aka ɗauke ɗan teburin lungu keken zai shiga.

Ran Asabar Uwata ta hau bene, tun daga matakala ta jiyo Aku tana zuba, da wani sauti kuma a ƙarƙashinta da ta sani tun tana yarinya. Ta tsaya a bakin ƙofa. Mahaifinta yana bugu, mahaifiyarta tana taka keke a lungu, da sabon makulli a rataye a wuyanta, wanda aka yanko jiya da yamma. Ta fara magana, ta ce, Baba, ni dai matakalar nan ce, sai ta dakata tana jiran ya datse ta. Bai datse ba. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce ta yi gaskiya, shi ya sa yanzu ba ya hawa shi kaɗai.

Ya nuna mata tafiretar da ke ajiye a ƙasa cikin tawul ɗinta, ya ce ba ta da wurin zama kuma, ta kai ta gidanta ta adana masa. Uwata ta zo karɓar makulli, ta sauka bene rungume da tafireta, mahaifiyarta tana ce mata daga sama ta bi matakalar a hankali.